Takalman Kusum a Bakin Ruwa

Rajbala ce ta fara ganin takalman. Hantsi ya dubi ludayi, ɓaunaye suna ta kuka a garke don ba a zuba musu ciyawa ba, sai surukarta Omwati ta ce ta je ta taso ƙeyar waccan malalaciyar da ta fita yankan ciyawa tun da sassafe. Malalaciyar kuwa Kusum ce, ƙanwar Rajbala uwa ɗaya uba ɗaya, kuma matar ƙanen mijinta. Gida ɗaya aka kai su, kamar yadda talakawan ƙauyukanmu na Haryana, a Indiya, suka saba, wai don a rage ɗawainiya, wai kuma don babba ta riƙa duba ƙarama.

A kan dakalin siminti na babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki ta same su. Silifas ne na roba, shuɗaye, an jera su daidai kamar a ƙofar ɗakin ibada. A kansu ga mayafin Kusum a ninke, an danne shi da lauje don kada iska ta ɗauke. Ruwan yana ta wucewa a cike, ko a jikinsa. Rajbala ta buɗe baki za ta kira sunan, sai ta fasa, ta durƙusa a gabansu. Ita ba yarinya ba ce, ta san wanda santsi ya kwasa ba ya tsayawa ninke mayafi.

Ba ta san tsohuwar ta biyo bayanta ba sai da ta ji haki a ƙeyarta. Omwati ta dubi takalman, ta dubi ruwan, sannan ta waiga gabas da yamma ko akwai wani a gonakin alkama. Babu kowa.

"Kwashe su, bahu," ta ce, don haka ake kiran matar ɗa a wurinmu. "Sa su a ƙasan ciyawa ki ɗauko. In mun je gida ki jefa a murhu."

"Inna, ƙanwata ce fa..."

"Ƙanwarki ta riga ta tafi. Ɗanki Golu kuwa yana nan. So kike ya tashi ubansa yana gidan yari? Ta zo wanke ƙafa ne santsi ya ɗebe ta. Faɗi in ji."

Rajbala ta faɗa. Tsohuwar ta ɗauki laujen ta cilla shi cikin taɓon gefen ruwa, sannan ta cire nata mayafin, ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihun da ya tara ƙauyen gaba ɗaya.

Kowa a nan ya san dokar, har tsofaffin da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. In amarya ta mutu mutuwar da ba ta ciwo ba kafin ta shekara bakwai a gidan miji, dole majistare ya zo ya bincika. In aka gano ita ta kashe kanta, kuma an daɗe ana gasa mata aya a hannu a kan gara, to doka tana iya ɗauka mutanen gidan ne suka tura ta, daga mijin har uwarsa har duk wanda ya sa hannu. Shi ya sa a ƙauyukanmu amare suke yawan zamewa a bakin ruwa, risho kuma yake yawan fashewa. Tir da wannan hali namu. Kusum ko shekara biyu ba ta cika a gidan miji ba.

Tun lokacin bikin Rajbala da Darambir aka yi alkawarin Kusum da ƙanensa Satpal. A lokacin Satpal zaman kashe wando yake yi, daga karta sai yawo, kuma Omwati har godiya ta yi da aka ba shi mata. Ana saura kaɗan a ɗaura aure sai ya sami aikin gwamnati. Shi ke nan, farashinsa ya tashi kamar na ɓauna mai sabon haihuwa. Masu mota suka fara turo 'yan aike suna tayin 'ya'yansu, amma magana ta riga ta fita gaban dattawa, babu halin janyewa. Ramfal, uban Rajbala da Kusum, ya yi abin da ya fi ƙarfinsa: babur, firji, gadaje, tukwanen tagulla, sarƙar zinariya ga surukar. Omwati ta zagaya kayan a tsakar gida tana taɓe baki, ta ce a gaban 'yan biki, "Ma'aikacin gwamnati guda, a kan babur kamar mai tallan madara."

Daga ranar Kusum ba ta sake cin gurasa ba tare da gori ba. In ta ɗebi man shanu, a ce na gidan ubanta ne? In ta kunna fanka, a ce ubanta ne ke biyan wuta? Satpal ya daina shiga ɗakinta sai in zai tambaye ta ko Bapunta, wato ubanta, ya sayar da gonarsa don ya saya masa mota. Yarinyar da ta zo da dariya mai cika gida, wadda a makaranta babu mai kamo ta a tsere, ta koma kamar kazar da ruwa ya doka.

Sau ɗaya Ramfal ya zo dubiya. A bakin ƙofa ya tsaya cikin zafin rana, don uba ba ya shan ko ruwa a garin da ya ba da 'ya, balle ya shiga ya zauna. Kusum ta fito ta riƙe ƙafafunsa tana cewa, "Bapu, tafi da ni, ko na kwana biyu ne." Ya shafa kanta, ya ce bayan girbi. Ƙishirwa ta ishe shi, ya yi sauri ya kama motar gida. Da ya shiga ɗakin ko na ɗan lokaci ne, da ya ga an cire mata fanka da katifa.

Ita kuwa Rajbala me ta yi? Haƙuri ta bayar. In ta tarar da ƙanwar tana kuka a bayan garke sai ta ce, "Yi shiru, Kusum, kada ki jawo mana mu biyu. In kika haihu komai zai wuce." Kusum ta ce, da sunan da take kiran yayarta, "Jiji, ke ma?" Rajbala ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tatsa.

Ana gobe abin zai faru, da yamma, Kusum ta ɗaure 'yan kayanta ta sulale tasha. Darambir ne ya cim mata, ya fizgo ta daga ƙofar mota a gaban jama'a, ya kawo ta gida yana jan hannunta, ya sharara mata mari a tsakar gida don ta zubar musu da mutunci. Omwati tana zaune a gadon igiya tana gyaran wake, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "In gidan ya ishe ki, ga ruwa can, ba a rufe shi da kwaɗo. Ki ba ɗana wuri ya auri 'yar mutane." Satpal yana goge baburinsa ya ce, "Ina ta ga zuciyar? Ai irinsu sai dai su tsufa a wuyan mutum." Rajbala tana bakin murhu da jaririya a cinya, duk a kunnenta.

Wajen azahar aka tsamo gawar a inda ake rufe ruwa, can ƙasa da ƙauye. Mazan gidan sun so a ƙona ta kafin rana ta faɗi, har an fara tara itace, amma mai gadin wurin ya riga ya kira 'yan sanda. Aka tafi da ita asibiti, aka ce gobe majistare zai zo.

Rajbala ba ta iya jefa takalman a wuta ba. Ta tsaya a kan murhu da su a hannu har hayaƙi ya cika mata ido, sannan ta zagaya bayan gida inda take jera busasshen kashin shanu na girki, tari guda kamar ɗan rumbu. Ta zare na tsakiya, ta cusa takalman da mayafin, ta mayar, ta shafe da ɗanye. Da surukar ta tambaya, ta ce ta ƙona.

Washegari Ramfal ya iso da 'yan garinsu cike da tarakta, da sanduna a hannu. Dattawan ƙauyen suka tare su a gindin bishiya, aka ajiye tukunyar taba a tsaka. Rajbala tana jiyo hayaniya daga cikin gida, tana jin tana raguwa a hankali, har ta koma ƙus-ƙus. Ta san abin da ake yi. A cikin gida kuma mata sun cika tsakar gida da kuka, amma a kusurwa ta ji 'yar'uwar Omwati tana raɗa wa wata cewa akwai wani mai gidan mai a Rohtak da ke da 'ya, fara tas. Ko tokar Kusum ba a kwashe ba, don ba a ma ƙona ta ba tukuna.

Aka aiko ta fito ƙofar baya, Bapu yana kira. Ta same shi a tsaye, rawaninsa ya karkace, leɓɓansa sun bushe sun tsage. A kwana ɗaya ya tsufa.

"Bapu, ba santsi ba ne."

"Na sani." Bai dube ta ba. "Na san 'yata."

"To me aka yanke?"

"An daidaita. Za su mayar da kayanta, za su nemi gafara gaban dattawa, ke kuma ba mai sake ɗaga miki murya a gidan nan." Ya haɗa hannuwansa biyu a gabanta, abin da uba ba ya yi wa 'ya. "Rajo, ɗaya ta tafi. In kika yi magana har mijinki za su kwashe. Ina za ki da yara biyu? Gidana yayanki ne da matarsa ke iko da shi yanzu, kin sani. Golu kuwa ba za su taɓa bar miki shi ba, jininsu ne, magajin gonarsu ne. Ki rufa mini asiri, kada in rasa biyu."

Ta ce to. Har ga zuciyarta ta ce to, don Golu shi ne numfashinta. Shekararsa huɗu, ba ya barci sai ya riƙe gefen zanenta.

Majistaren mace ce, doguwa mai tabarau, ta zo da sufeto da wata 'yar sanda. Aka ajiye mata kujera a tsakar gida. Dattawa suka zauna a gadajen igiya, mata suka takure a gefe, kowace ta ja mayafi har ƙirji. Surukar gida ba ta buɗe fuska gaban manyan gari, ba ta kuma ɗaga murya, in an tambaye ta sai dai ta gyaɗa kai. Tun da aka kawo Rajbala ƙauyen nan babu dattijon da ya taɓa jin muryarta.

Omwati ce ta fara. Kai, tsohuwar nan ta iya kuka! Ta ce Kusum 'ya ce a wurinta ba suruka ba, da hannunta take shafa mata mai a ka. Gara kuwa, su ba su taɓa neman ko allura ba. Sai ta share hanci ta ƙara da cewa, "Ranki ya daɗe, abin da ba mu so faɗa ba, yarinyar tana da farfaɗiya. An ɓoye mana kafin aure, amma muka riƙe ta haka. Ita ce ta buge ta a bakin ruwa."

Rajbala ta ɗago a cikin mayafi. Wannan ba ta san da shi ba. A gindin bishiya aka ƙulla shi, don a toshe duk wata ƙofa.

Majistare ta juya wajen Ramfal. "Kai ne ubanta? Haka ne?"

Ramfal ya miƙe, ya daɗe yana kallon ƙasa. Wani dattijo ya yi gyaran murya.

"Haka ne," ya ce. "Tun tana ƙarama take faɗuwa."

Rajbala ta ji kamar an zuba mata tafasasshen ruwa a ciki. Kusum da ko zazzaɓi bai cika kama ta ba. An hana ta fanka, an hana ta katifa, an hana ta hanyar gida, yanzu kuma a bakin ubanta ake liƙa mata ciwon da ba ta da shi, a kuma mayar da ita wadda aka cuci mutane da ita. Haka za a rubuta, haka kuma za ta zauna har abada. Ta ji ta tsani kowa a tsakar gidan nan, ta fi tsanar kanta.

"Wace ce yayar?" in ji majistare. Aka nuna ta. "Ƙanwarki tana da farfaɗiya?"

"Bahu ba ta magana gaban manya," Omwati ta yi karaf. "Gyaɗa kai kawai za ta yi. Bahu, gyaɗa mata."

"Ba na rubuta gyaɗa kai, Inna," majistaren ta ce a gajiye, kamar wadda ta sha jin irin wannan. "In kunya ce, mu shiga ɗaki ni da ita."

Rajbala ba ta shiga ɗaki ba. Ta miƙa jaririyar ga matar da ke kusa da ita, ta tashi ta nufi bayan gida. Aka ɗauka gudu ta yi don kunya, har wani dattijo ya yi murmushi. Sai aka ji rugugin tarin kashin shanu yana zubewa. Ta dawo hannuwanta duk ƙura, ta ajiye silifas biyu a gaban kujerar, ta jera su daidai yadda ta same su, ta ɗora mayafin a kai.

"Haka na tarar da su," ta ce. Har na bakin ƙofa ya ji. "A ninke, da lauje a kai. Ƙanwata ba ta taɓa faɗuwa ba tun da aka haife ta. Bapu, ka yafe mini."

"Rajbala!" Darambir ya daka mata tsawa yana miƙewa. Sufeto ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi.

Ta faɗi komai. Ta faɗi motar da ake nema, da fankar da aka cire, da abin da Omwati ta ce tana gyaran wake, da abin da Satpal ya ce yana goge babur. Majistare tana rubutu ba ta ɗago ba, sai ta tambaya, "Wa ya dawo da ita daga tasha?"

Rajbala ta dubi mijinta ta cikin mayafi. Ba mugun miji ba ne a wurinta, a faɗi gaskiya. Yakan sayo mata alewa a ɓoye ranar kasuwa, kuma da ta haifi mace bai ɓata rai ba. Idonsa ya yi ja, yana girgiza mata kai a hankali.

"Baban Golu ne," ta ce. "Shi ya mare ta."

"Ke fa, me kika yi?"

"Na ce ta yi haƙuri."

Omwati ta zube ƙasa tana birgima, tana tsine wa ranar da aka kawo macizai biyu gidanta. Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe riguna, babu wanda ya dubi inda Rajbala take. Kafin la'asar an sa Omwati da 'ya'yanta biyu a bayan motar 'yan sanda. Darambir bai zagi Rajbala ba, ya dai cire agogonsa ya miƙa wa baffansa.

Baffan nan shi ne ya sa wa gidan kwaɗo. Ya ce wa Ramfal, ba tare da ya kalli Rajbala ba, ya ɗauki 'yarsa da jaririyarta su bar garin tun da sauran haske, don ba zai iya riƙe samarin dangi ba in sun fusata. Golu kuwa yana gidan baffan tun safe, kuma a nan zai zauna. 'Yar sandan ta raɗa wa Rajbala cewa kotu tana iya karɓo mata ɗanta. Rajbala ta gyaɗa kai. Ta san kotu, ta san shekarun da take ci, ta kuma san abin da za a riƙa zuba wa yaro a kunne kafin nan.

Ramfal ya yi gaba zuwa tarakta. Ita kuma ta saɓa jaririyar ta bi lungu zuwa gidan baffan. Matan da ke bakin ƙofofi suna ganinta suka riƙa shigewa ciki. Ta tarar da matar baffan a tsaye ta tare ƙofa, Golu yana bayanta riƙe da guntun rake.

"Bar ni in gan shi kawai," in ji Rajbala.

Matar ta ɗan matsa, ba don tausayi ba, sai don ta san abin da yaron zai faɗa. Rajbala ta durƙusa ta miƙa hannu.

"Golu, zo mana. Zo wurin Mama."

Bai zo ba. Ya ƙara ƙanƙame zanen matar, ya leƙo da ido ɗaya, fuskarsa duk sawun hawaye.

"An ce ke kika sa aka kama babana."

Ƙarya tana nan a kan harshenta, mai sauƙi, wadda za ta sa ya rugo ya faɗa jikinta ko sau ɗaya ne kafin ta tafi. Ta dube shi har idonta ya cika.

"Ni ce," ta ce.

Yaron ya juya ya ɓoye fuskarsa. Matar baffan ta tura ƙofa ta sa sakata. Rajbala ta daɗe a durƙushe tana jin kukansa ta cikin katako, har jaririyar ta farka ta fara neman nono, sannan ta tashi ta nufi inda tarakta ke jiranta.